Daga butar alwala zuwa zauren kakana: abin da na koya ina sassaƙa a kwamfuta

Mako uku na yi ina ƙera butar alwala a cikin kwamfuta. Kullum bayan isha'i, idan na gama duba littattafan yara, sai in jawo tabarma kusa da soket, in buɗe tsohuwar laftof ɗina, in yi ta ja ina matsawa har barci ya ci ƙarfina. Buta ce irin ta robar nan mai ratsin kore da fari da ake jerawa a ƙofar kowane masallaci a Aboabo da Asawase. Da na gama na sa mata haske, na ɗauki hotonta, na tura wa 'yan uwa a waya. Amsa ta yi ta shigowa: Masha Allah, Allah ya ƙara basira. Wani ma ya ce shi ya ɗauka hoton gaske ne.

Ranar Litinin na tafi da laftof ɗin makaranta. Lissafi nake koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Kumasi, kuma a makon muna kan darasin siffofi masu jiki, irin su akwati da gwangwani da mazurari. Na ajiye kwamfutar a tebur, yara suka kewaye ni, ina juya butar suna kallonta ta sama da ta ƙasa. Sai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu.

"Sa, ta ina ruwan zai fito?"

Na juyo bakin butar. A toshe yake. Na ƙera mata dogon wuya mai lanƙwasa, na goge shi sumul, amma ban huda shi ba. Aji ya fashe da dariya, ni ma na taya su, sai dai a raina abin ya sosa ni. Shekara tara ke nan tun da na fito kwalejin horar da malamai ina riƙe da jan biro, ina nuna wa yara kuskurensu. Na manta yadda mutum yake ji idan shi aka nuna wa.

Yau shekara biyu da wannan rana. Ban zama gwani ba, ban kuma samu ko sidi ɗaya daga wannan aiki ba. Amma matasa da dama a zango suna tambayata yadda ake farawa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani a hanya, har da inda na yi tuntuɓe.

Mene ne zanen 3D?

Zanen da muka saba da shi a takarda ko a allo tsawo da faɗi kawai gare shi. Idan ka zana buta a takarda, ba yadda za ka yi ka juya ta ka ga bayanta. Zanen 3D ya ƙara na uku, wato kauri. Abin da ka gina yana da gaba da baya da ciki, za ka iya kewaya shi. Ni na fi kiransa sassaƙa, don ya fi kusa da aikin masassaƙin turmi ko mai ginin tukwane fiye da na mai fensir.

Komai ana gina shi da abu uku: ɗigo, layi da fuska. Ka haɗa ɗigo biyu, ka samu layi. Layi uku ko huɗu suka kewaye wuri, ka samu fuska. Fuskoki suka yi yawa suka haɗu, sai su zama raga, kamar ragar kamun kifi da aka lulluɓa wa abu. Kowane ɗigo yana da lambobi uku da ke nuna inda yake, X da Y da Z. Duk wanda ya yi darasin giraf a makaranta ya san biyun farko. Na ukun ne ke ɗaga abu daga ƙasa.

Bayan ƙira sai ka gaya wa kwamfuta da me aka yi abin: roba ce, ƙarfe ne ko ƙasa, yana ƙyalli ko yana shanye haske. Sai ka kafa fitilu da kyamara a cikin fagen, kamar mai ɗaukar hoto a shagonsa. Mataki na ƙarshe shi ne wanda masu aikin ke kira renda. Ni ina kwatanta shi da wanke hoto a zamanin da ake kai fim wurin masu hoto a jira kwana biyu. A nan kwamfuta ke lissafa yadda haske zai faɗa kan kowace fuska, inda zai koma, da inda inuwa za ta kwanta. Da wannan hanya aka yi Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka yi shi gaba ɗaya a kwamfuta, kuma da ita ake yin hotunan gidajen da muke gani a allunan talla tun kafin a haƙa harsashi.

Manhajar da jama'a suka fanso

Manhajojin da manyan kamfanoni ke aiki da su suna da tsada. Cikakken lasisin Maya, misali, ya haura dala dubu a shekara. Malamin makaranta ko a mafarki ba zai dosa ba. Abin da ya buɗe wa irinmu ƙofa shi ne Blender, kuma labarinta ya cancanci a ji.

Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya fara rubuta ta a 1994, don amfanin kamfanin zane da yake aiki a ciki. A 1998 ya kafa wani kamfani don ya tallata ta, amma a 2002 kamfanin ya karye, manhajar ta maƙale a hannun masu zuba jari. Sai Roosendaal ya kafa gidauniya ya roƙi masu amfani da ita su yi karo-karo a fanso ta. Cikin mako bakwai aka tara yuro 100,000. A watan Oktoban 2002 aka sake ta ga duniya a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar amfani da ita, ya raba ta, ya kuma gyara ta. Tun daga lokacin kyauta ce. Ba satar fasaha ba ce ka kwafa wa abokinka a filashi, halal ɗinka ne, kuma duk abin da ka ƙera da ita naka ne, kana iya sayarwa.

Shekaru da yawa mutane suna kukan tana da wuyar sha'ani. A 2019 aka fitar da samfurin 2.80 da aka sake wa fuska, tun daga nan sababbin shiga suka ƙaru. A watan Maris na 2025 kuwa, wani fim mai suna Flow, na Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya, ya ci kyautar Oska ta finafinan katun. Labarin wata kyanwa ne a cikin ambaliya, babu magana ko ɗaya a fim ɗin, kuma da Blender aka yi shi. Ya doke finafinan Pixar da DreamWorks. Manhajar da ke cikin tsohuwar laftof ɗina ita ce dai ke hannunsu.

Idan ka buɗe ta karo na farko abu uku za ka tarar: akwati a tsakiya kamar dunƙulen magi, fitila ɗaya da kyamara ɗaya. Daga wannan akwati kusan kowa ke farawa. Maɓallin G yana matsar da abu, R yana juya shi, S yana ƙara masa girma ko ya rage, Tab yana shigar da kai cikin ragar, E kuma yana jawo sabuwar fuska daga tsohuwa, kamar mai ginin tukunya yana ɗaga bakinta. Wanda ya riƙe biyar ɗin nan ya kama hanya. Masu koyo da yawa a duniya suna farawa ne da darussan bidiyo na wani ɗan Ostareliya, Andrew Price, inda ake ƙera donot, wani soyayyen fulawa mai rami a tsakiya. Ni ma na bi darasin har ƙarshe. Da na gama sai na ce, to, yanzu bari in yi abin da na sani. Daga nan butar ta samo asali.

Kayan aiki, wuta da data

Kada wani ya ruɗe ka cewa sai da kwamfutar miliyoyi. Tawa ta hannu ce, na saye ta tun ina neman ƙarin karatu. Abin da ake buƙata don sababbin samfura shi ne ram aƙalla gigabait 8. Idan taka ba ta kai ba, tsofaffin samfuran Blender suna nan, kuma duk abin da mai koyo yake buƙata yana ciki. Manhajar ba ta kai gigabait ɗaya ba, ba ta neman rajista, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Abu ɗaya da ba makawa sai ka saya shi ne maus mai ƙaramar taya a tsakiya, don da ita ake kewaya fage. Na yi wata guda ina fama da yatsa a kan faifan laftof kafin in gane wahalar banza nake sha.

Bidiyon darasi ne ke cinye data. Dabarata ita ce in sauke su lokacin da data ke da araha, in kalla sau biyu, sannan in rufe in gwada da kaina. Mai kallo yana kwaikwayo a lokaci guda yakan gama darasi bai riƙe komai ba.

Sai maganar dumsor. Batirin laftof ɗina ya mutu tuntuni, wuta na ɗaukewa take mutuwa. Wani dare na rasa aikin awa uku, na kwanta da baƙin ciki. Daga baya wani ya nuna mini cewa manhajar tana adana kwafi da kanta duk bayan minti biyu, akwai kuma wurin dawo da shi. Da na tambaya tun farko da ban yi asara ba. Duk da haka yanzu yatsana ya saba da Ctrl da S kamar yadda ya saba da carbi.

Inda ƙaramar kwamfuta ke nuna gazawarta shi ne wurin renda. Bari mu yi lissafi, tunda sana'ata ce. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato hoto 1,440 a minti ɗaya. Idan kowane hoto yana ɗaukar minti 5, fim na minti ɗaya zai ci minti 7,200, awa 120 ke nan, kwana biyar cur ba a ɗauke wuta ba. Saboda haka na haƙura da fim, na tsaya kan hoto ɗaya-ɗaya. Blender tana da manyan injinan renda biyu: Cycles, mai bin haske dalla-dalla amma a hankali, da Eevee, mai sauri. Ina gwaji da na biyun, in bar na farkon ya kwana yana aiki idan na gamsu.

Gyara kayanka

Bayan abin da ya faru a aji na gane cewa Masha Allah na 'yan uwa addu'a ce da ƙauna, kuma ina godiya, amma ba za ta huda bakin buta ba. Sai na fara nuna aikina ga waɗanda suka riga ni a harkar, wasu a Accra, wasu a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, mutanen da ban san fuskarsu ba kuma ba su da dalilin jin kunyata.

Na farko da ya duba butar bai ce tana da kyau ko ba ta da kyau ba. Tambaya ya yi: tsawonta nawa ne? Na je na auna. Ta fi mita biyu. Ashe akwatin da Blender ke farawa da shi mita biyu ne kowane gefe, ni kuwa daga shi na jawo butar ban rage ba. Na ƙera butar da ta fi ƙofar ɗakina tsawo. Hakan yana da tasiri, domin fitila da kyamara suna aiki ne da ma'aunin gaske, shi ya sa hasken hoton yake wani iri ban san dalili ba.

Na biyu ya ce gefunan sun yi kaifi. A duniyar gaske babu abin da gefensa yake kamar reza. Ko bulo, ko tebur, akwai ɗan lanƙwasa a bakinsa da ke kama haske, kuma wannan siririn hasken ne ke gaya wa ido cewa abu na gaske ne. Kwamfuta ita kuwa layi miƙaƙƙe da kusurwa mai kaifi take ba ka, sai kai ka dakushe su.

Na ukun ne ya fi yi mini zafi. Ya ce: da butar a gabanka ka yi wannan, ko daga ka? Daga ka na yi. Me zai sa in kalli buta, abin da nake ɗauka sau biyar a rana tun ina ɗan shekara bakwai? A daren na ɗauko ta na ajiye a gaban fitila. Sai ga siririn layi ya ratsa ta daga sama har ƙasa, inda ɓari biyu na injin da ya zuba robar suka haɗu. Gindinta ya ɗan lotsa ciki. Ratsin launin ba a jere yake ba, ya cakuɗe kamar an dama fura. Gefen da ke gogar siminti ya kode. Shekara talatin ina riƙe da ita ban taɓa ganinta ba.

Tun daga nan na fahimci cewa maɓallan ba su ne aikin ba, wata biyu sun isa a koye su. Kallo shi ne aikin, kuma mutum shi kaɗai ba ya ganin abin da idonsa ya saba tsallakewa. Dole sai wani ya nuna masa.

Neman gyara ma koyonsa ake yi. Ka nuna aiki tun yana ɗanye, kafin ka zuba masa mako uku har ka ƙaunace shi. Kada ka ce "yaya kuka gani?", don amsar ba za ta wuce "ya yi" ba. Ka ce "wuyan nan yana damuna, me ke damunsa?" Idan aka gaya maka, kada ka fara kare kanka da cewa kwamfutarka ƙarama ce. Ka yi godiya, ka gyara, ka dawo da shi. Masu sani sun fi sakin jiki da wanda ya dawo da gyara. Za ka gamu da masu cewa aikinka shirme ne su wuce, ba su nuna ko'ina ba. Waɗannan ba su ba ka abin ɗauka ba, ka bar musu kayansu. Wanda ya sa yatsa a wuri ɗaya ya ce nan ne, ko da bakinsa ba daɗi, shi ne naka. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Maganar surar masu rai

Akwai tambayar da kusan kowane matashin zango yake yi mini, ni ma na yi wa kaina ita tun farko: ina matsayin wannan aiki a addini? Malamai sun yi dogon bayani kan surar abu mai rai, kuma a kan hoton da ke cikin na'ura maganarsu ba ɗaya ba ce. Ni malamin lissafi ne, ba mai fatawa ba. Wanda yake son ƙera mutane ko dabbobi ya je ya zauna da malaminsa, ya nuna masa aikin da idonsa, kada ya tsaya kwatance.

Abin da zan iya faɗa shi ne, gini da itace da kayan gida ba a kansu ake wannan taƙaddama ba, kuma su kaɗai sun ishi mutum aikin shekaru. Masu zanen gidaje, kafintoci irin na Sokoban da ke son nuna wa mai saye kujera kafin a yanka katako, masu tallar kaya, duk abin da suke nema ke nan. Ga kuma zayyanar da muka gada, ta allo da ta bangon gida da ta wuyan riga, wadda kusan dukkanta lissafi ne na layi da da'ira. Ni a nan na tsaya, kuma ban taɓa jin wurin ya yi mini ƙunci ba.

Abin da ya koma aji

Blender tana iya nuna maka adadin ɗigo da layi da fuska na duk abin da ka zaɓa. Wata rana na sa yara su rubuta na akwati: ɗigo 8, layi 12, fuska 6. Na ce su cire layi daga ɗigo su ƙara fuska. Suka samu 2. Muka ɗauko dala mai gindi murabba'i: 5, 8, 5. Amsa 2. Muka jawo fuskar akwatin da E ya yi tsawo, lambobi suka canza, amsa tana nan 2. Wannan ƙa'ida ce da Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya bayyana a ƙarni na 18. Na sha rubuta ta a allo yara su kwafa su manta. Ranar su suka gano ta da kansu, har wani yaro ya nace sai ya samo siffar da za ta karya ta.

Jan birona ma ya canza. Da, idan amsa ba daidai ba, babban kuros nake ja in wuce. Yanzu nakan nemi layin da lissafin ya karkace, in kewaye shi, in rubuta tambaya a gefe. Yana cin lokaci, aji kuma ya cika. Amma na ɗanɗana bambancin "bai yi ba" da "nan ne bai yi ba" a jikina.

Zauren da aka rushe

Kakana malamin allo ne a zangon garin Wa. Gidansa na ƙasa ne mai rufin soro, da zaure a gaba inda yake karantar da yara. An rushe shi ina ƙarami, aka yi ginin bulo da shaguna a wurin. Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne marar launi, wanda ya ɗauko rabin ƙofar da mutum uku a tsaye. Bara na ƙudura zan sake gina zauren a kwamfuta.

Wannan karon na auna. Na ƙiyasta tsawon ƙofa daga tsawon mutanen da ke hoton, na dakushe gefuna, na sa launin jar ƙasa, na kafa rana ta la'asar. Waɗanda suka gyara mini buta suka duba suka ce haske ya zauna, ma'auni ya yi. Iyakar abin da za su iya gani ke nan, don ba wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa a cikinsu.

A masallacin unguwarmu akwai wani dattijo ɗan arewa da ya yi ginin ƙasa a ƙuruciyarsa kafin ya gangaro Kumasi. Bayan la'asar na zauna kusa da shi na buɗe laftof.

"Baba, don Allah ka duba mini wannan."

Ya daɗe yana kallo. Ya sa na juya shi sau biyu.

"Malam, wannan ai ginin bulo ne ka shafa wa ƙasa."

Ya ce bangon ƙasa ba ya tashi da kauri ɗaya. Gindinsa ne mai kauri, yana hawa yana sirancewa, in ba haka ba ba zai ɗauki kansa ba. Ya ce kusurwa ba ta yin tsini, don da tafin hannu ake yaɓe, hannu kuwa ba ya yin kwana irin ta magini mai tirawul. Ya ce in duba gindin kowane tsohon bango, zan ga inda ruwan sama ke fantsama ya cinye shi, a nan ake fara sabon yaɓe. Sannan ya sa na hau da shi kan rufin.

"Ina indararo?"

Babu. Rufina a shimfiɗe yake kamar tebur, da ƙaramin bango kewaye da shi, babu gangara, babu mafitar ruwa.

"Ka gina wa kakanka tafki a ka. Wannan damina ɗaya ba zai kai ba."

Tambayar yarinyar nan ce ta dawo mini daga bakin tsoho. Ya kwashe kusan awa yana mini bayanin yadda ake jera itacen rufi, yadda ake daɓe saman da ɗan gangara zuwa gefe ɗaya, da yadda ake fitar da indararo nesa da bango don kada ruwa ya bi jikinsa. Shekaru muna sallah sahu ɗaya da shi, ban taɓa sanin yana ɗauke da wannan ilimi ba, don ban taɓa samun dalilin tambaya ba.

Kuskuren da na yi a kwamfuta an taɓa yin irinsa a gini na gaske. Masallacin Larabanga da ke kusa da gandun dajin Mole yana cikin tsofaffin masallatan ƙasar nan, mutanen garin suna danganta shi da shekarar 1421. A shekarun 1970 aka shafe bangonsa da siminti da niyyar kare shi. Simintin ya hana bangon numfashi, danshi ya taru a ciki, gara ta shiga itatuwan, ginin ya fara lalacewa. A 2002 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, aka zo aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa. Niyya mai kyau ce, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba na cewa hoton kwamfuta zai ceci gini. Zauren kakana ya tafi. Abin da aikin ya yi shi ne ya tilasta mini yin tambayoyin da ban san akwai su ba, tun masu amsar suna raye. Kwamfuta ba ta yarda da "kamar haka yake". Sai ka gaya mata kaurin bango, gefen da ƙofa ke buɗewa, inda ruwa ke bi. Kowace lamba da ba ka da ita, akwai wani tsoho ko tsohuwa a zango da ke riƙe da ita.

Na gyara bangon, na karkata rufin, na fitar da indararo biyu. Sannan na tura hoton wa gwaggona a Wa, wadda a gidan aka haife ta. Kwana biyu shiru. A na uku sai ga saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta ce, ɗan nan, dakalin ba nan yake ba, yana hannun dama in za ka shiga, a kansa Malam yake zama, alluna kuma a jingine a bango ta bayansa. Ta ce akwai randa a bayan ƙofa da moɗa a kan murfinta, duk baƙon da ya shigo sai ya sha kafin a gaisa. Daga randar ta wuce kan baƙin da ke kwana a zauren, da sunayen almajiran da suka yi sauka a wurin, da ranar da aka ɗauki hoton da wanda ya ɗauka. Rabin abin da ta faɗa ko mahaifina bai sani ba.

A ƙarshe ta ce idan na sa randar in sake turowa ta gani.

Randar nake ƙerawa yanzu. Na aro ta gaske daga wata maƙwabciya, tana nan gaban fitila, kuma wannan karon bakinta a buɗe yake. Idan aka yi dogon hutu, in Allah ya kai mu, zan hau mota zuwa Wa da tef na awo da littafi, don gwaggo ta ce har yanzu tana iya nuna mini inda harsashin zauren ya tsaya.